Albasar Minata a Cibiyar Mota

Kunnena ba ya barci. Ina kishingiɗe a inuwar tsohuwar kamyon nan, babbar motar kaya ta bakin tasha, rawani bisa fuska, kuna tsammanin na yi nisa, alhali ina jin ku sarai, ku samarin da ke latsa tarho kuna jiran katkat, ƙaramar motar fasinja, ta cika. Wai ɗaurin mota ba sana'a ba ce. Wai ɗora buhu ne bisa buhu, ko jaki aka nuna wa sau biyu zai iya. To madalla. Ku kawo jakin, dusarsa na wuyana.

Ni ne Issufu, wanda ake ce wa Ƙulli. Shekara talatin da ɗoriya ina hawa bisa kaya a tashar Agadas, kuma da hannun nan nawa, da gwanintata gaba ɗaya, na taɓa dafa wa wata baiwar Allah noman shekararta a cikin mota, ban hura wuta ba. Sunanta Minata, tana can cikin duwatsun Abzin. Lambunta da makomar ɗiyanta sun yi kwana huɗu a rataye a igiyata. Amma kafin in kai ku can sai kun ji yadda ake zama gwani, domin wauta irin wadda na yi ba ta ƴan koyo ba ce. Sai wanda ya iya.

Ranar da aka kai ni wurin Baba Attahir, yana bisa wata kamyo mai taya goma da za ta Bilma. Bai ko dube ni ba. Ya jefo mini igiya daga sama, ya ce in naɗe. Na naɗe. Ya sauko ya warware, ya ce in naɗe. Shekara guda cur abin da na yi ke nan, har in na kwanta hannuna ya ci gaba da naɗi shi kaɗai, mahaifiyata ta ɗauka iskoki ne ta nemo mini rubutu. Baba Attahir da raƙumi ya fara, cikin ayarin gishiri, kafin mota ta ƙwace hanyar. A wurinsa kamyo raƙumi ne da ya ƙoshi ya manta ladabi. In ya gama ɗauri ba ya duban motar, inuwarta yake duba a ƙasa. In inuwar ta karkata da faɗin yatsa sai ya ce, "A sake." Ton ashirin, wallahi, saboda inuwa.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Igiya, ƙugiyar jan buhu, basilla da zarenta, sai guntun icen aduwa da muke murɗa igiya da shi har ta yi kuka. Igiyar roba tana miƙewa da rana kamar malalaci ya ga tabarma, sai ka sake ja bayan tafiyar rabin yini. Ta kaba ba ta miƙewa amma tana cin hannu; ku dubi tafina, ko ashana aka ƙyasta a nan sai ta kama. Yau kuna da ɗamarar nan mai bakin ƙarfe, ku yi ƙaras-ƙaras sau uku ku ce kun ɗaure. Ban raina ta ba. Sai dai ɗamara ba ta san abin da ke cikin buhu ba.

Lodin farko da aka bar mini ni kaɗai, na jera kwalayen shayi kusa da na sabulu, don na ga girmansu ɗaya, sun zauna da kyau. Kwana biyar suna jingine da juna cikin zafi. Aka ce mutanen Dirku sun yi wata uku suna shan shayi yana kumfa tun ba a ɗaga buta ba, kuma ba a taɓa ganin gari mai tsabtar ciki kamarsu ba. Baba Attahir bai doke ni ba. Ya sa aka aiko masa da ƙunshi ɗaya, ya dafa mini da hannunsa, ya zauna yana kallona har na shanye kofi uku. Ranar na gane kaya ma suna da maƙwabtaka. Gazuwal, man mota, ba ya kwana kusa da garin tuwo, dabino ba ya son barkono, gishiri kuwa duk ƙarfen da ya jingina da shi sai ya ci.

A ɗaurin hamada abokin gabanka rairayi ne. Duk inda iska ta sa kai, shi ma ya shiga. Don haka ake matse kaya, buhu ya rungumi buhu, a cusa ƙananan ƙunshi cikin kowace kafa, a lulluɓe da bash, tantin nan mai kauri, a ja igiya har in sauro ya zo neman wurin sa baki ya rasa, ya koma gida yana kuka. Bido, wato jarkokin ruwa, a sa musu rigar buhu a rataye a gefe. Katifu da awaki da mutane a sama. Kayan kowane mutum wuri guda, kada a isa a yi ta tonon mota ana neman buhun wane. Sannan akwai cibiya, wato tsakiyar mota can ƙasa, inda rana ba ta kaiwa, rairayi ba ya kaiwa, wuƙar ɓarawo ba ta kaiwa, in motar ta kife ma nan ne zai tsira. Baba Attahir ya ce cibiya ba ta mai ƙarfi ba ce. Ta marayu ce, da amarya, da maganin asibiti. Wanda ka ga an sa kayansa a cibiya, an girmama shi.

Wata shekara wani Alhaji ya kawo mini madubin ɗiyarsa amarya, tsawon mutum, da kwandon ƙwai. Ya ce, "Ƙulli, in ya fashe, kai ma ka shirya." Na kwantar da su a cibiya tsakanin buhunan gero. Da aka sauke a Dirku madubin ko tsaga babu, har fuskata da na duba cikinsa a Agadas tana nan ba ta goge ba. Ƙwai kuma ba ɗaya da ya fashe, sai uku da suka ƙyanƙyashe a hanya. Zuriyarsu na can, in na je zakarun na fitowa taryata. Ku yi dariya. Alhajin ya rasu, da na kira muku shi shaida.

A zamaninmu mai ɗauri yana bin motarsa, don igiya na son a riƙa tuna mata. Sai ka hau can ƙoli, ka sami gurbi tsakanin katifu, ka miƙe. Mota na tafiya sannu tana rausaya kamar mace ɗauke da tulu. Da hantsi ƙasar Tenere takan narke. Kawalwalniya ta buɗe tafkuna gaba da baya, ka ga kamyon da ke gabanku ta bar ƙasa tana iyo, tayoyinta sun ɓace, mutanen da ke kanta kamar balbelu bisa gajimare. Ka ga dabino inda ba dabino. Ni na taɓa ganin hasumiyar masallacinmu tana biye da mu, da sandunanta duka, yini biyu, sai da ta tabbata mun kama hanya sosai sannan ta juya gida. Ba barci kake ba, ba kuma a farke kake ba. Inji na gurnani ƙarƙashin haƙarƙarinka, akuya na taunar bakin rawaninka, kai kuwa kunnenka na wurin igiya. Igiya mai lafiya shiru take. In ta fara ƴar tsuwa, sai ka tashi.

Ƙasar nan tamu ba ta da teku, jirgin ƙasa kuma sai a labari. Duk abin da kuka taɓa, daga sukarin shayinku har tarhon da ke hannunku, bisa taya ya zo, kuma wani ne ya ɗaure shi. Ya kwana cikin jirgin ruwa, ya yi makonni a bakin teku yana jiran takarda, ya ratsa ƙasar wasu, ya tsaya a bariyar bincike da ba ta ƙirguwa, sannan ya hau gudron Tawa, wato kwalta. Gudro! Suna ne ya rage. Akwai ramin da na sani a hanyar nan, in kamyo ta faɗa ciki sai shofer mai tuƙa ta ya kunna fitila. Motocinmu yawancinsu sun girmi masu tuƙa su. Sun yi aiki a Turai har sun tsufa, sannan aka kawo mana su su fara rayuwa. Su zo arewa a cike, su koma kudu wayam, sai in an dace da gishiri, ko gawayin Anu Araren, ko albasa. Da haka dai ake lallaɓawa, ana ci ana sha, har shekarar da aka rufe iyaka.

Ba sai na gaya muku shekarar ba, kun ci tuwonta. Hanyar teku ta toshe, ta hamada kuma sai an jira rakiyar soja. Tasha ta yi tsit. Motoci suka jeru kamar shanu a mashayar da ta ƙafe. Kurciya ta yi sheƙa a madubin wata, wata kuma kabewa ta hau ta har ta yi ƴaƴa a wurin zaman shofer. Mu masu ɗauri muka zauna muna ɗaure iska. Ni don kada hannu ya manta, nakan ɗaure gadona da safe in kwance da yamma, har uwargida ta ce in ban sami aiki ba, ita ma wata rana za ta farka a ɗaure.

Cikin kaka sai ga Sidi. Sidi shofer ne na hamada, abokina tun muna samari. Ya san Tenere kamar yunwar cikinsa, amma a hanyar kudu baƙo ne.

"Ƙulli, tashi ka wanke ido. Lodi ya samu."

"Na ina? Dirku?"

"Yamai. Albasa."

"Albasa? Ni? Sidi, ni da na ɗaure madubi..."

"Madubi ake ci a gidanka?"

Ga yadda abin yake. Masu lambu na cikin dutse, wajen Tabelot, sun saba su sauko da albasarsu Agadas, manyan ƴan kasuwa su saye su wuce da ita bakin teku. A shekarar nan ƴan kasuwar ba su zo ba. Albasa ta taru tana kallon rana. Sai gidaje shida na wani ƙauye suka haɗa kai, suka ce za su kai tasu Yamai da kansu, suka wakilta dattijonsu, Baba Gali. Dogo ne siriri, rawani ya rufe masa komai sai idanu, Hausarsa a hankali kamar daga rijiya yake jawo kowace kalma. Manomi ne, bai taɓa raka mota ba. Kowane gida da alamarsa a bakin buhu, wani baƙin zare, wani shuɗi, wani fari. Ya kama hannuna ya kai ni gaban wasu buhuna masu jan zare, ya dafa ɗaya.

"Ɗana, waɗannan na Minata ne, matar ƙanena. Bara ya rasu. Ita da ɗiyanta mata suka yi dashe, suka yi ban-ruwa. Rijiyar lambun ta fara zubewa. In albasar nan ta isa, za a ɗaure rijiyar da siminti. In ba ta isa ba, ƴan'uwanta za su zo su ɗauke ta da yaran, lambun ya mutu. Ka riƙe mini su da kyau."

"Baba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Tafi ka yi takardunka. Inda zan sa su, ko aljani sai ya yi tambaya."

Ya tafi wurin takardun mota, wanda aikin yini ne. Ni kuwa na tuɓe riga. Buhunan jan zare duka na jera su a cibiya, wuri guda, na kewaye su da na sauran gidajen, na matse, na hau na tattaka, na cusa ƙananan buhuna a kowace kafa. Masu lodin albasa na ainihi suna zaune gefe, su ma ba aiki, don Sidi ya rantse ba mai taɓa masa mota sai ni. Ɗaya daga cikinsu, wani Ba'adare mai bakin tsiya, ya ɗaga murya.

"Ƙulli, bar mata hanci mana!"

"Hanci? Jinjira ce?"

"Albasa na numfashi, maigida."

"To ta riƙe numfashinta har Yamai. Ku da kuke lodi kamar an watsa goro a biki, ku za ku koya mini?"

Suka yi dariya suka ƙyale ni. Na hangi ɗan hadari ta gabas, irin na ƙarshen damina, sai na jawo bash na lulluɓe, na murɗa igiya har ta yi kuka. Wallahi ban taɓa ɗauri mai kyan wannan ba. Mota ta tsaya sumul kamar sabon sabulu. Da Baba Gali ya dawo, ya daɗe tsaye yana dubanta.

"A wurinmu ba a rufa wa albasa bargo," in ji shi.

"A lambu ke nan, Baba. Nan mota ce. Ga hadari can."

Ya dubi hadarin, ya dube ni. Kunyar baƙo ta riƙe masa baki. Hadarin kuwa ko ɗigo bai yi ba.

Muka tashi da safe, Sidi da Baba Gali a gaba, ni a sama yadda na saba. Yinin farko lafiya, in ka cire ramuka. Washegari da hantsi, mun wuce mararrabar In-Gal ke nan, muka faɗa wani rami, lam ya karye, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota bisa taya. Sidi ya bi wata mota zuwa Abalak neman wani. Mu muka zauna. Fili fetal, ba itace sai ƴan ƙayoyi. Rana ta sauko bisa bash ɗina ta miƙe ƙafa, yini biyu. Baba Gali na dafa shayi a inuwar mota, ni ina kwance a ƙoli ina kallon raƙuma suna tafiya cikin ruwan ƙarya, ƙafafunsu dogaye kamar an ja su da zare. Na ji bayana da ɗumi, na ce rana ce. A yini na biyu da la'asar sai wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya taso, irin na miyar biki tun ba a sa nama ba. Na lumshe ido. Na gan ni a gidan suna, an zaunar da ni bisa darduma, ana zuba mini shinkafa ana cewa ƙara, Ƙulli, ƙara. Daɗi ya kama ni har ina murmushi. Ashe noman Minata nake shaƙa.

Baba Gali ne ya kira ni ƙasa. Ya nuna mini ƙarƙashin mota. Ruwa na ɗiga ta tsakanin katako, ɗis, ɗis, ƙudaje sun yi taro.

"Ruwan inji ne," na ce.

"Inji yana gaba, ɗana."

Na hau na kwance igiya, na yaye bash. Wani tururi ya taso ya doke ni a fuska, har gemuna ya nuna. Buhunan sama lafiya lau. Na cusa hannu ta tsakani zuwa kafaɗa, na ji kamar cikin tukunyar tuwo na sa shi. Mu biyu ba mu iya sauke ton ashirin, in ma mun sauke a wannan fili, wa zai mayar? Sidi ya iso da ƙarfen kafin magariba, aka ɗaura. Da gari ya waye muka kama hanya ba bash, muka wuce Abalak ba mu tsaya ba, sai Tabalak, bakin tafki, inda aka ce mana akwai masu lambu da hannuwa.

A can muka sami Inna Rabi. Tsohuwa ce guntuwa, ita ke gaban matan da ke tsince albasa kafin a ɗinke buhu. Ta zagaya motar sau ɗaya, gefen zane a hanci.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Sidi, abokin ƙwarai, ya nuna ni da hannu biyu.

"Kai ne? Da girmanka da furfurarka? Wannan ai ba lodi ba ne, ɗan nan, tanda ce. Ina hanyar iska?"

"Inna, mu a hamada..."

"Nan ka ga hamada? Ku sauke mini ita!"

Maza suka yi ta saukewa, mata na bajewa bisa tabarmi ƙarƙashin itatuwa. Buhunan gefe da na sama sun ɗan yi gumi, amma suna da rai. Sai aka kai cibiya. Buhu na farko mai jan zare, ana ɗaga shi gindinsa ya zube. Na biyu haka. Albasar ta yi laushi, ta yi ruwan ƙasa, kana taɓa ta yatsanka na nutsewa. Matan suka yi ta tsinta har azahar. Abin da suka fitar mai rai cikin na Minata duka bai cika buhu uku ba.

Inna Rabi ta dubi tarin buhunan da suka jiƙe.

"Duk na mutum guda ne?"

"Na uwar marayu ne," na ce. "Shi ya sa na sa su a tsakiya."

Ta daɗe tana kallona. Na jira zagi, bai zo ba.

"Tsakiya ita ke fara mutuwa," ta ce. "Ko an yi lodi na ƙwarai, in mota ta kwana a hanya sai tsakiya ta taɓu. Shi ya sa in kaya na mutane da yawa ne ake barbaza su, na wane nan, na wane can. In hasara ta zo ta ɗan lashi kowa, kada ta cinye mutum guda. Kai kuwa ka tattaro mata baiwar Allah ka miƙa mata a akushi."

Baba Gali ya matso. Ya tsuguna gaban ruɓaɓɓiyar, ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ajiye a hankali. Sannan ya ce Sidi ya ara masa tarho, ya koma gindin wata bagaruwa. A ƙauyensu sai an hau tudu ake samun rezon tarho, akwai mai kanti da ke aikawa a kira mutum. Ya yi ta kira yana jira, ana nemo masu gidaje huɗun nan ɗaya bayan ɗaya daga lambu. Da Tamashek yake magana, Sidi na fassara mini ƙasa-ƙasa. Ya gaya musu mota ta kwana a hanya, tsakiya ta ruɓe, kuma duk na Minata ne. Ya gaya musu da an yi lodi yadda masu albasa ke yi, da kowa ya taɓu. Sannan ya tambaye su ko sun yarda a yi kamar haka aka yi, a raba hasarar.

Uku suka amsa tun bai rufe baki ba. Na huɗu, mai shuɗin zare, har daga inda nake ina jin muryarsa.

"Mi yake cewa?" na tambayi Sidi.

"Ya ce shi ma yana da bakunan ciyarwa. Ya ce ba shi ya ɗaure mota ba, a tambayi wanda ya ɗaure."

"Gaskiyarsa."

"Ai na sani. Fassara nake."

Baba Gali ya saurare shi har ya gaji, ya ce masa ba komai, nasa ba za a taɓa ba, zai cike daga na gidansa. Ya kashe tarhon. Bai kai ga miƙa wa Sidi ba sai ga shi ya yi ƙara. Mai shuɗin zare ne. Ya ce a ɗauki buhu biyu cikin nasa, amma a duba ƙanana.

Dattijon ya bi buhunan da suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya yana zare jan zaren bakinsu. Ya kai tafki ya wanke, ya shanya bisa ƙaya. Da suka sha iska ya zo ya tsaya a gabana.

"Ara mini basillarka."

Ni ba ni da buhu ko ɗaya a motar nan da zan bayar. Na ce, "Baba, bar ni in yi."

Ya dube ni ta tsakanin rawani, ya zuba mini zaren a hannu. Yana nuna buhu, ina warware alamar bakinsa, ina ɗinka ja. Baƙi, fari, shuɗi biyu ƙanana. Mafi yawa daga na gidansa suka fito, kuma na lura manyan yake zaɓa. Matan Tabalak suna gefe suna yanka wadda ta ɗan taɓu don su shanya, ba wadda ta ɗago kai. Sidi ma, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya sami abin dubawa a ƙarƙashin mota.

Inna Rabi ce ta yi lodin na biyu, tana tsaye a ƙasa da sanda, ni ina sama ina bin umarni. Buhu a tsaye, tsakanin kowane biyu faɗin dunƙulen hannu. A tsakiya kuwa, daga gaba har baya, ta sa na bar rariya wadda kyanwa za ta bi a guje ba ta taɓa komai ba. Jan zare ɗaya a nan, ɗaya a can. Duk sanda na kai hannu ga icen murɗa igiya sai ta buga sanda a jikin mota.

"Riƙe ta za ka yi, ba shaƙe ta ba!"

Da muka gama na sauko na duba. Tunda uwata ta haife ni ban ga mummunan lodi irin wannan ba. Ko'ina kafa, ko'ina gibi, kamar bakin tsoho yana dariya. Muka tashi bayan la'asar. Baba Gali ya ce gaba ta ishe shi, ya hau sama tare da ni. Mota na ɗaukar gudu sai iska ta shiga rariyar nan ta fara busa, siririyar murya kamar sarewar makiyayi daga nesa, tana fitowa ta ƙarƙashinmu da sanyi. Tafkin ya bi mu ta hagu, ruwan gaske wannan karon, da jiragen masunta da shanu tsaye cikinsa har gwiwa. Na juya wajen dattijon.

"Baba, in ka koma mi za ka gaya mata?"

"Zan ce albasarta ta isa Yamai."

"Ai ba tata ba ce."

Ya dafa buhun da ke kusa da gwiwarsa.

"Zaren wa ke nan?"

"Nata."

"To."

Ta isa Yamai, ba buhun da ya ƙara taɓuwa. Kafin sanyi ya wuce aka ɗaure rijiyar, kuma an ce lambun na nan kore shar, har sun ƙara tafarnuwa. Baba Gali ya sha aiko mini in hau dutse in sha ruwanta. Har yau ban je ba, don an gaya mini Minata na nemana ta yi mini godiya.